Takardun Suna Nan, Masu Karanta Su Ne Ke Ƙarewa

Da wuya a sami tsohon gida a zangonninmu, daga Salaga zuwa Yandi, daga Kintampo zuwa Kumasi, har Nima da Sabon Zango a Ankara, wanda babu wata adaka ko akwatin ƙarfe da aka tura ƙarƙashin gado ana ce masa "kayan Malam". A ciki akwai gafaka, a cikin gafaka akwai tadarishi, a tsakanin fatun tadarishi kuma akwai warƙoƙin da suka yi ja saboda tsufa. Muna girmama su ƙwarai. Ba ma yarda yaro ya taɓa, ba ma ɗora komai a kansu, in za a yi ƙaura su ake fara ɗauka. Abu guda ne kawai ba ma yi musu, shi ne karantawa.

In aka tashi zancen waɗannan takardu, yawanci gara ake tsoro, da ɗigar ruwan damina, da gobara. Tsoron yana kan hanya. Amma mu a ganinmu akwai asarar da ta fi waɗannan kusa, kuma ita ba ta barin alama a jikin takarda. Takardar da ta shekara ɗari da ashirin a gafaka tana iya ƙara wasu hamsin in an kula da ita. Dattijon da idonsa ya saba da irin wannan hannu, wanda zai ɗauki warƙa ya karanta ta kamar wasiƙar da aka aiko masa jiya, shi ba shi da shekara hamsin a gaba. Duk jana'izar malamin zaure da muka raka, mun rage mutum guda cikin 'yan kaɗan da za su iya gaya mana abin da kakanninmu suka rubuta game da kansu.

Mai karatu zai ce ai yanzu ne ma muke da masu Larabci. Haka ne. 'Ya'yanmu sun je Madina, sun je Alƙahira, makarantun da ke haɗa Arabiyya da boko sun cika unguwanni, kuma ba mu da abin cewa sai godiya. Sai dai idon da ya tashi a kan Alƙur'ani bugun Madina, na riwayar Hafsu, ba shi ne idon da ya tashi a kan allo ba. Kakanninmu da rubutun Magariba suka koyi babbaƙu da farfaru, da riwayar Warshu suka yi sauka, kuma da wannan hannun suka rubuta komai nasu, daga wasiƙa har lissafin bashi. A wannan rubutu harafin fa ɗigonsa ɗaya ne, a ƙasa yake. Ƙaf ɗigonsa ɗaya ne, a sama. A rubutun Gabas kuwa, wanda ake bugawa a yau, fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf kuma biyu gare shi. Ashe ke nan duk inda kakanmu ya rubuta ƙaf, jikansa mai digiri zai ga fa. Malam Ƙasimu sai ya koma Fasimu. Faruƙu kuwa sai a tsaya ana duban harafinsa na farko ana tunanin ko ba ce, na ƙarshen kuma a rasa gane shi, domin sau da yawa marubutan da ba sa ɗiga wa fa da ƙaf da nun idan sun zo a ƙarshen kalma. Wanda ya yi allo bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin matsala ba. Haka ya tarar, haka ya wanke ya sake rubutawa sau dubu.

Wannan ƙofar farko ce kawai. Ta biyu ita ce harshen da ke cikin haruffan. Da yawa daga cikin takardun ba Larabci ba ne, Hausa ce da ajami, wani lokaci ma a layi guda marubuci zai fara da Larabci ya ƙarasa da Hausa. Ajami kuwa ba shi da hukuma guda da ta tsara masa ƙa'ida, kowane gari da al'adarsa, kowane malami da abin da ya gada. Sautukan da Larabci ba shi da su an nema musu mazauni a haruffan da ke kusa: ɗ ta sauka a ɗa mai hannu, g ta sauka a gaini, ɓ kuma galibi ba a raba ta da b, sai ma'anar magana ta raba tsakanin bari da ɓari. Rufu'a ɗaya ce ke ɗaukar o da u. In kuma marubucin yana sauri bai sa wasali ba, kaf da nun da wau suna iya zama Kano, suna iya zama kunu, kuma ba ƙamus ɗin da zai warware maka wannan sai sanin abin da ake magana a kai. Harafin lodi, wanda Larabawa ke furtawa kusa da d mai nauyi, mu l muke ji a cikinsa, shi ya sa muke cewa alƙali da alwala da layya. Wanda bai san haka ba zai karanta Murtada a takarda, ya ce babu mai wannan suna a danginsu, alhali Murtala ne, kakan babansa, wanda aka sa wa ƙaninsa sunansa.

Inda aikin ya fi daɗi, a namu ra'ayi, shi ne wajen laƙabin asali da malamai ke jerawa bayan sunansu. Sunayen garuruwa a rubutun Larabci ba koyaushe suke kama da yadda muke faɗarsu ba. Katsina ana rubuta ta Kashina, mutuminta Alkashinawi. Zazzau ita ce Zakzak. Gwanja, ƙasar goron da ta jawo kakanninmu tun farko, Gunja ake rubuta ta da gaini. Dubi babban malaminmu Alhaji Umaru na Kete Karaci, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya rasu a 1934. A rubuce ana kiransa Alkabawi, Alkanawi, Assalgawi, wato na Kabi, na Kano, na Salaga. Kalmomi uku sun ɗauke tafiyar zuri'a guda, daga tushe zuwa mahaifa zuwa mazauni. Irin wannan jeri yana nan a ƙarshen littattafai da yawa da ke gidajenmu, inda mai kwafin littafi yake rufewa da faɗin sunansa da na mahaifinsa, da wanda ya rubuta wa, wani lokaci har da ranar da ya gama. Iyali za su shekara suna gardama ko kakansu Bakatsine ne ko Bagobiri, amsar tana kwance a warƙar ƙarshe ta Ishiriniya ko Risalar da ke cikin adakarsu.

Sai batun shekara, wanda nan ne masu saurin yanke hukunci suka fi faɗawa rami. Malaman da sun fi son ɓoye shekara a cikin ramzi, wato kalmar da in aka tara ƙimar haruffanta sai shekarar Hijira ta fito. To ƙimar haruffa a lissafin Magariba, wanda shi ne namu, ta saɓa wa ta Gabas a haruffa shida. A wurinmu shin 1000 ce, sin 300, sodi 60, lodi 90. A Gabas shin 300 ce, sin 60, gaini ce 1000. A ce ka tarar da shin da sin da ya a ƙarshen wata wasiƙa. Da lissafin kakanninmu 1310 ke nan, shekarar da ta kama a tsakiyar 1892, wadda a cikinta yaƙin basasa ya watse Salaga, fatake da malamai suka bazu zuwa Kete Karaci da Yeji da Kintampo da sauran wurare. Da lissafin Gabas kuwa 370 za ka samu, ka ce ko marubucin ya ruɗe ne. Wasiƙar da ke ɗauke da wannan shekara tana iya zama ita ce bayanin dalilin da ya sa gidanku yake inda yake a yau. Mai son juya shekarar Hijira zuwa ta Miladiyya a gurguje ya ninka ta da 0.97 ya ƙara 622, zai faɗo a kan shekarar ko kusa da ita, tunda shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11.

Ita kanta takardar tana magana. In ka ɗaga tsohuwar warƙa ka sa ta tsakaninka da haske, sau da yawa za ka ga inuwar jinjirin wata uku a jere a cikin jikinta. Wannan alamar masana'antun arewacin Italiya ce, waɗanda takardarsu ta riƙa ƙetare hamada tana zuwa kasuwannin ƙasar Hausa, daga can fatake su sauko da ita tare da kanwa da tufafi. Takarda mai layi ta kantin Turawa kuwa ta nuna zamani na baya. Wannan ba zai ba ka shekara ba, amma zai hana a sayar maka da rubutun jiya da sunan na zamanin Shehu. Kuma tunda littattafan da ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne sake, marubuci yakan sa kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan shafin da ya gama. Da ita ake mayar da littafin da ya hargitse. Mai hargitsa jerin warƙoƙi don ya ɗauki hoto ya yi ɓarnar da gara ba ta yi ba.

Akwai wani hannun kuma, na akawun Bature, wanda shi ma sai an koyi karanta shi. A ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, a Ankara da rassanta na Kumasi da Tamale, akwai littattafan kotu da na haraji da takardun filaye na zamanin mulkin mallaka. Rubutun haɗe yake, mai lanƙwasa, amma ba shi ne babbar wahalar ba. Wahalar ita ce sunayen. Akawu abin da kunnensa ya ji yake rubutawa, kuma sau da yawa ta bakin tafinta ya ji. Ibrahim ya zama Braimah, Husaini ya zama Fuseini, Muhammadu ya zama Mahama, Sa'idu ya zama Seidu, mutum guda yana iya fitowa da rubutu uku a littafi guda. A aikin soja kuwa sai a ɗauki sunan gari ko ƙabila a liƙa wa mutum a matsayin sunan uba. Sojan nan da ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin duniya na farko, a Togo cikin Agustan 1914, Alhaji Grunshi aka rubuta shi, Grunshi kuwa sunan al'umma ne ba na gida ba. Haka kalmar Hausa kanta: a bakin Turawan wancan lokaci ta kan haɗa kusan duk sojan da ya fito daga arewa, ko Bahaushe ne ko ba shi ba. Wanda ya ga an rubuta Hausa a gaban sunan kakansa kada ya yi saurin cewa magana ta ƙare.

Me ya sa za mu wahalar da kanmu da wannan duka? Domin mu mutane ne da ake yawan tambaya daga ina muka zo, kuma ba koyaushe ake tambayar da fatan alheri ba. Dattawanmu ba su manta da Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasa. Cikin waɗanda suka hau motoci akwai waɗanda a nan aka yanke musu cibiya, ba su san kowa ba a inda aka nufa da su. Har yau ɗan zango yakan ji an ce masa baƙo a garin da kakan kakansa ya haƙa rijiya. Ba muna cewa warƙar ajami za ta tsaya a madadin takardar haihuwa a gaban ma'aikaci ba, doka tana da abin da take nema. Abin da muke cewa shi ne, akwai bambanci tsakanin yaron da zai ce "an ce mun daɗe a nan" da wanda zai ce ga sunan kakana, ga garin da ya baro, ga shekarar da ya sauka Salaga, ga malamin da ya ba shi ijaza. Na biyun ba ya sunkuyar da kai. Turawan da suka je fadar Asante a 1817 da 1820, Bowdich da Dupuis, sun tarar da Musulmi masu rubutu a Kumasi suna da daraja a wurin sarki, kuma wani tarin takardun Larabci na wancan zamani yana ajiye a ɗakin karatu na sarauta a Kopenhagen ta ƙasar Danmak. Alƙalamin Musulmi ya riga tutar 1957 zuwa wannan ƙasa da nisa.

Amma a nan dole mu faɗa wa kanmu wata magana mai ɗaci. Yawancin waɗancan Musulmin Kumasi mutanen Gwanja ne da Dagwamba da maƙwabtansu, ba duka Hausawa ba, kuma bai kamata mu haɗiye tarihinsu don mu tsawaita namu ba. Haka nan a cikin gida. Mun san yadda ake yi: kowa kakansa ɗan sarki ne da ya rasa gadon sarauta ya yi fushi ya fito, ko kuwa sharifi ne. Ba mu taɓa jin gidan da ya ce kakansa ɗan alaro ne mai ɗaukar kayan wani ba, alhali ayarin goro ba madugu kaɗai ke cikinsa ba. Mai zuwa gaban takarda da labarin da yake so a zuciyarsa zai ga abin da yake so, musamman a rubutun da babu wasali. Ɗigo ɗaya da tawada ta cinye ya isa a mayar da Bello ɗan wane zuwa Bello ɗan sarki wane. Karatun da aka yi don a faranta wa mai gida rai ba shi da amfani ga jikokinsa, domin ranar da wani masani ya duba ya ga ba haka ba ne, har gaskiyar da ke cikin sauran takardun sai a daina yarda da ita.

Kuma takardun za su faɗi abin da ba mu so ji. Salaga kasuwar goro ce, kuma kasuwar bayi ce, wannan ba ɓoyayye ba ne. Hare-haren Zabarmawa a ƙasar Gurunsi a zamanin Babatu, waɗanda wani Malam Abu ya rubuta labarinsu da Hausar ajami, sun cika kasuwanni da mutanen da aka raba da garuruwansu. Wanda ya buɗe takardar rabon gado ta wancan lokaci yana iya tarar da sunayen mutane a jere da shanu da tufafi. Yana iya gano cewa kakarsa ta wajen uba, wadda ake cewa ba a san danginta ba, tana cikin irin wannan jeri. Mu dai ba mu ga abin kunya ga zuri'arta a nan ba. Ita ma tushe ce, kuma ta wajenta jinin gidan ya haɗu da ƙasar nan tun kafin a ja iyakoki. Gidan da ya ga sunan bawan da kakansu ya mallaka kuwa, ya san cewa zuri'ar wannan mutum suna nan a unguwa, ana sallah sahu ɗaya da su, saboda haka irin wannan bayani ba na watsawa a Facebook ba ne. Sanin gaskiya daban, tallata sirrin maƙwabci daban.

Wannan ya kawo mu ga uzurin da masu riƙe da adaka suka fi bayarwa, cewa akwai asiri a ciki. Gaskiya ne kundin malami yakan ƙunshi laƙani da hatimi da abin da ya keɓe wa kansa, kuma babu wanda ya ce a baje wannan a faifai. Amma ba daidai ba ne a kulle wasiƙar da aka aiko daga Kano, da lissafin huhun goro, da warƙar da aka rubuta ranar haihuwar 'ya'ya a bayanta, duk da sunan asiri. Malamin da ya san hannun zai raba su cikin yini guda. Uzuri na biyu shi ne tsoron a karɓa a ƙi mayarwa, kuma ba za mu ce tsoron banza ba ne. Sai dai an taɓa yin abin a nan cikin mutunci: a shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta tara ɗaruruwan rubuce-rubucen Larabci da ajami, Alhaji Usmanu Boyo yana yawo gari gari yana aro daga malamai ana ɗaukar hotonsu. A yau ma ba sai takarda ta bar zaure ba, wayar da ke aljihun kowane saurayi ta isa.

Abin da muke kira a yi ba ya bukatar tallafin kowa. A sami dattijon da ya yi allo ya kuma saba da wasiƙun da, a haɗa shi da matashi mai Larabci da boko, su zauna da safe lokacin da ido ke da ƙarfi. A ɗauki hoton kowace warƙa gaba da baya, har da gefenta, a bisa jerin da aka same ta. Dattijo ya karanta da murya a naɗi muryarsa, domin yadda ya furta suna shi ne wasalin da marubuci bai sa ba. Matashi ya rubuta da boko, inda aka yi shakka ya rubuta cewa an yi shakka, kada ya cike gurbi da zato. In da hali a kai wa malami na biyu wanda bai ji karatun na farko ba. Kada a liƙa salatif a inda ya yage, kada a kai a shafe warƙa da roba mai zafi, duka biyun kashe takarda suke yi sannu a hankali. Masu cewa a jira na'ura ta koyi karantawa su tuna cewa na'ura daga abin da mutane suka riga suka karanta suka rubuta take koyo, kuma hannun malamin Yandi ba na malamin Wa ba ne. In ba mu zauna da dattawan yanzu ba, babu abin da za a koya mata. Tsohon garin Kete Karaci yana ƙarƙashin tafkin Volta tun bayan gina madatsar Akosombo a shekarun 1960, wanda yake neman gidan kakansa a can ba shi da sauran bango ko rijiyar da zai nuna, sai abin da aka fito da shi a gafaka da abin da ya rage a bakin tsofaffi.

Akwai kuma giɓin da takarda ba za ta cike ba ko an karanta ta daidai. Salsalar da malamai ke rubutawa ta maza ce, wane ɗan wane ɗan wane. Uwaye ba su cika fitowa ba sai a rabon gado ko a gefen shafi. Waɗannan sunaye suna wurin tsofaffin matan gida, su ne suka san wace ce aka auro daga Mamfurusi, wace ce 'yar Gwanja, wa ya sha nono da wa, kuma su ne suka san sunan rana da laƙabin da aka fi sanin mutum da shi, wanda sau da yawa shi ne zai tabbatar cewa Muhammadun da ke wannan warƙa shi ne Ɗanjuman da ake ba da labari. Ranar da aka gama zama da Malam a zaure, a shiga cikin gida da wayar da littafin, a karanta wa Hajiya sunayen ɗaya bayan ɗaya, a bar ta ta faɗi uwar kowanne.